Kafin a sayar da fili a biya wa yaro kuɗin satifiket ɗin kwamfuta

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu masu dogon surutu. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da ya shafi yaranmu masu karatun kwamfuta, musamman masu son zama masu kula da saba, manyan kwamfutocin nan da banki da asibiti da makaranta da ma'aikatu suka jingina komai nasu a kai. Ni sana'ata kenan a nan Jos, da ita nake ci nake ciyarwa, kuma yanzu kusan duk inda na zauna, ko majalisa ko wajen ɗaurin aure ko an idar da sallar la'asar ana neman takalma, sai wani uba ya ja ni gefe ya ce Injiniya yaron nan nawa ya gama bautar ƙasa yana zaune, wai sai an biya masa kuɗin wani satifiket na waje kafin ya samu aiki, kuɗin kuma da dala ne, shin gaskiya yake faɗa ko dai wayo ne irin na 'ya'yan yanzu. Amsar ba ta tsayuwar bakin masallaci ba ce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kowa ya gani.

Yaron dai ba ƙarya yake ba. Amma satifiket ɗin nan kala-kala ne, kuma ni a ganina wanda ya cancanci a kashe masa dala shi ne wanda ba yadda za a yi mutum ya ci jarabawarsa sai ya yi aikin da hannunsa. Sauran akwai mai ɗan amfani, akwai kuma wanda kwali ne kawai mai kyaun hatimi.

Bari in fara da aikin kansa, don yawancin iyaye in sun ji an ce ɗan kwamfuta abin da ke zuwa musu a rai shi ne mai buga takardu a kafe ko mai gyaran waya a Terminus. Mai kula da saba shi ne yake ɗora babbar manhajar da ke tuƙa injin, ko Linux ko Windows Server, shi ke buɗe wa ma'aikata akawun ya yanke wa kowa iyakar abin da zai iya gani, shi ke ɗora faci duk lokacin da kamfani ya gano wata ɓaraka a manhaja, shi ke ajiye kwafin bayanai a wani waje daban saboda ranar da faifai zai mutu, kuma wallahi zai mutu, sai dai ba a san ranar ba. In yana aikinsa daidai ba wanda ya san da zamansa, har oga ya fara tunanin me ma yaron nan yake yi da muke biyansa, ranar da abu ya tsaya kuwa shi za a kira ƙarfe biyun dare.

Duk wanda yake ganin aikin wasa ne ya tuna abin da ya faru da JAMB a 2025. A watan Mayu shugaban hukumar Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida yana neman afuwa har da hawaye, saboda matsalar da ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma bayanin da aka yi shi ne wani faci da ya kamata ya hau kan sabobin jarabawa bai hau kan wasu yadda ya dace ba, dole aka sake wa yaran jarabawa. A waje ma haka, ran 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai matsala, kwamfutocin Windows wajen miliyan 8.5 a faɗar Microsoft suka ƙi tashi, jirage suka kasa tashi a Amurka, asibitoci da bankuna suka rikice. Gyaran kansa ba wani abu ba ne, a shiga injin ta hanyar gaggawa a goge fayil guda ɗaya, amma a wurare da yawa sai da mutum ya bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya da ƙafarsa, kuma inda aka kulle faifai da BitLocker ba a adana makullin buɗewa a inda ya kamata ba, nan aka ga ta kansu. Ƙwayar cutar kwamfuta ta WannaCry ta watan Mayun 2017 da ta durƙusar da asibitocin Ingila ma ai Microsoft ta fitar da facinta tun watan Maris, ɗorawa ce ba a yi ba. Ban ce satifiket ne zai hana irin wannan ba fa, masu satifiket ma suna tafka kuskure, abin da nake nufi shi ne kujerar nan ba ta wanda za a ɗauko don ɗan yayan manaja ne ba, dole a samu wata hanya da za a gane wa ya iya.

Toh nan ne satifiket ya shigo. Digirin kimiyyar kwamfuta da yaranmu suke yi a jami'a, ko HND a kwalejin kimiyya ta Barkin Ladi, karatu ne mai kyau kuma ban raina shi ba, yana buɗe kai, amma ba don koyar da kula da saba aka tsara shi ba, sai ka ga yaro ya fito da sakamako mai kyau bai taɓa ɗora Linux a kan inji da hannunsa ba. Ba laifinsa ba ne. Kamfanonin da suka ƙera manhajojin nan da wasu ƙungiyoyi su ne suka ce toh bari mu shirya jarabawa tamu, duk wanda ya ci mu ba shi shaida da lamba wadda mai ɗaukar aiki a ko'ina a duniya zai iya shiga intanet ya tabbatar da ita.

A ɓangaren Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki kuma yau shi ke riƙe da mafi yawan sabobin intanet har da gindin Android ɗin da ke aljihunka, wanda na fi girmamawa shi ne na Red Hat, kamfanin da IBM ta saya a 2019 kan dala biliyan 34. Suna da RHCSA, jarabawar da ake kira EX200, sai RHCE a samanta wadda tun 1999 ake yinta. Ina so iyaye su fahimci yadda RHCSA take, don ita ce misalin abin da nake nufi. Babu zaɓi A ko B ko C. Za a zaunar da kai gaban inji na gaske wajen awa uku, ba intanet, ba waya, ba kowa sai mai gadin jarabawa da ke kallonka, a ba ka jerin ayyuka. Ƙirƙiri waɗannan ma'aikatan ka sa su a rukuni kaza, wannan fayil ɗin wane ya karanta amma kar ya iya gogewa, ƙara wa wannan ɓangaren faifan girma ba tare da bayanan ciki sun ɓace ba, ga inji an manta kalmar sirrin babban mai iko ka san yadda za ka yi ka shiga, ga wata manhaja ta ƙi aiki saboda SELinux, tsarin tsaron da ke cikin Linux, ya tare ta ka gyara ba tare da ka kashe tsaron ba. Littafin da aka yarda ka duba shi ne bayanan da ke cikin injin kansa, kuma wanda bai saba duba su ba lokaci zai ƙare masa yana lalube. Maki 300 ne, sai ka samu 210 ka wuce. Abin da ya fi kayar da mutane kuma shi ne duk abin da ka yi dole ya zauna daram bayan an kashe injin an kunna. Akwai wani ɗan fayil, fstab, inda ake rubuta faifan da inji zai ɗauka in ya tashi, harafi ɗaya ka kuskure a ciki injin zai tsaya a hanya ya ƙi ƙarasa tashi, in kuwa bai tashi ba duk wahalar da ka sha ba mai ganinta balle a ba ka maki. Mugunta ce? A'a. Haka aikin yake a zahiri, balle a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama, injin da ba zai tashi da kansa ba bayan an dawo da wuta ai ba ka gyara komai ba.

LFCS na Linux Foundation ma irin wannan tsarin ne, aiki da hannu na awa biyu ta intanet, kuma in ka faɗi suna ba ka damar sakewa sau ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Sai LPIC-1 na Linux Professional Institute, shi jarabawa biyu ne, 101 da 102, kowace tambaya 60 cikin minti 90, na zaɓi da na cike gurbi, da kuma Linux+ na CompTIA. Waɗannan manhajar karatunsu tana da kyau sosai, wanda ya bi ta tsakani da Allah zai ƙaru, kuma ba su ɗaure ka da kamfani ɗaya ba. Matsalar ba daga su take ba, daga mu take.

Matsalar ita ce damps. Duk wanda ke harkar nan ya san su, tambayoyin jarabawa ne da aka sato aka tara da amsoshinsu ana yawo da su a Telegram da WhatsApp, wasu ma saya ake yi. Satar amsa ce dai ta sa kwat. Yaro zai haddace tambaya ɗari uku cikin sati biyu, da ma Allah ya ba yaranmu kaifin hadda, ya je cibiyar jarabawa ta Pearson VUE ya zauna ya ci da maki mai yawa ya fito yana ɗora hoto a LinkedIn ana ta yi masa barka. An taɓa gayyata ta in taya wata ma'aikata tantance masu neman aiki, wani saurayi ya shigo tsaf da shi, fayil ɗinsa cike da kwalaye har da masu ruwan zinare a gefe, ya gaishe mu da ladabi ya zauna. Na juya masa laftof na ce ƙanena ga inji nan, faifansa ya cika dam, nuna min me ya cinye wajen. Ya kalli baƙin allon nan, ya ɗora yatsu a kan madannai ya ɗauke, ya share gumi duk da sanyin Jos, can ya ce Yallaɓai in da za ka ba ni zaɓi huɗu zan gane amsar. Wallahi tausayi ya ba ni ba dariya ba, don na san kuɗin da aka kashe a kan kwalayen nan ba daga sama suka faɗo ba, wata uwa ce ƙila ta sayar da ɗan kunnenta. Bayansa wata yarinya ta shigo da hijabinta, satifiket ɗinta ɗaya ne tak, ta zauna ta buga umarni biyu ta ce Malam fayilolin rahoto ne suka taru ba a share su, kafin in goge ina so in san ko akwai mai buƙatarsu. Wannan tambayar ta ƙarshe ita ta ba ta aikin. Lasin tuƙi ne dai, akwai wanda ya koyi mota ya karɓa akwai wanda aka kawo masa har gida, a jikin katin ba bambanci, sai an zo gangaren Hawan Kibo da tirela a baya.

Kuma masu damps su sani, kamfanonin nan in suka kama ka suna soke satifiket ɗin su hana ka sake zama. Ga kuma ɓarnar da suke yi wa na bayansu, don duk mai ɗaukar aikin da ya gamu da irin saurayin can sau biyu, gobe in ya ga wannan kwalin a hannun wanda ya wahala da gaske ba zai kalle shi da daraja ba.

Sai wani abu da iyaye ba su cika sani ba, satifiket ɗin nan yana mutuwa. Ba kamar digiri ba ne da za ka rataye a falo har jikoki su gani. RHCSA shekara 3 ne, na CompTIA shekara 3, CCNA na Cisco da masu netwok ke yi shekara 3, LPIC-1 shekara 5. Mu da muka daɗe a harkar mun san lokacin da in ka ce kana da MCSE na Microsoft har tashi ake a ba ka kujera, toh Microsoft da kanta ta rufe jarabawoyin MCSA da MCSE ran 31 ga Janairun 2021 ta koma kan sababbi masu alaƙa da Azure, sabobinta da ake haya ta intanet, irin su AZ-104, da AZ-800 da AZ-801 na masu kula da Windows Server, su kuma duk shekara ake sabunta su, sai dai sabuntawar kyauta ce a shafinsu. Ni ban ga laifinsu ba, don manhajojin kansu ma mutuwa suke, Windows Server 2012 an daina tallafa masa tun Oktoban 2023, CentOS 7, wani nau'in Linux da mutane da yawa suka dogara da shi, ya ƙare a ƙarshen Yunin 2024, Windows 10 a Oktoban 2025. Amma duk wata cibiya da za ta karɓi kuɗin yaro yau ta ce za ta yi masa MCSE, a tambaye ta a ina za a zauna jarabawar.

Tunda na taɓo cibiyoyi bari in faɗi wannan ko da wasu abokan sana'a za su ji haushina. Takardar da cibiyar koyarwa take bayarwa cewa wane ya halarci kwas na wata uku daban, satifiket ɗin kamfanin daban. Da yawa ana ruɗar iyaye a nan. A jikin allon talla an manna tambarin Microsoft da Cisco da Red Hat, an yi bikin yaye ɗalibai da riga da hula an ci shinkafa, a ƙarshe takardar da aka ba yaro mai cibiyar ne ya buga ta a firintarsa ya sa hannu. Ba haram ba ne, in an koyar da gaske ma alheri ne, amma ba ita ake tambaya ba in an ce satifiket. Na gaske yana da lambar da za a duba a shafin kamfanin. Uba ya tambayi abu biyu kawai kafin ya biya, kuɗin nan har da na jarabawar kamfani ko na aji ne kaɗai, kuma in yaro ya ci a ina zan shiga in gani da idona. Rijistar CPN, hukumar da dokar 1993 ta kafa don masu sana'ar kwamfuta a Najeriya, ita ma wani abu ne daban, rijistar sana'a ce, ba ta maye gurbin waɗannan ba su ma ba su maye gurbinta ba.

Yanzu maganar kuɗi, inda gizo ke saƙar. Jarabawar RHCSA a 'yan shekarun nan tana tsakanin dala 400 da 500, LFCS wajen dala 400, CCNA dala 300. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, bayan an sake ta ta haura 1,500 a 2024. Lissafa dala 500 a kan 1,500, naira dubu 750 kenan, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70, alawus ɗin ɗan bautar ƙasa dubu 77. Ko bai ci bai sha bai hau keke napep ba sai ya tara alawus ɗin kusan wata goma. Kuma wannan kuɗin zama ne kawai, ba littafi ba data ba. Ga wahalar biya da aka sha, don bankuna da yawa sun daɗe da toshe katin naira a kan sayayyar waje kafin su fara buɗewa a 2025, a lokacin sai an bi ta hannun mai akawun ɗin dala shi ma ya ɗora nasa. In za ka yi daga gida ne kuma, Red Hat sai ka tada kwamfutarka daga filashi na musamman da kyamara daban tana kallonka, ana buƙatar intanet da ba ya yankewa da wutar da ba za ta ɗauke ba na awa uku, a Anguwan Rogo ko Rikkos kuwa ka san wannan sai da inbata da addu'a, shi ya sa wasu suke gwammace su shiga mota su tafi Abuja ko Legas inda akwai cibiya, ga kuɗin mota ga na kwana.

Saboda haka ni shawarar da nake ba samari ba ta canzawa, kar ka biya kuɗin jarabawa sai ka kai matsayin da jarabawar za ta zama tabbatarwa kawai. Koyon kusan kyauta ne, wannan ne abin da ke ba ni mamaki da mutane ba sa gani. Laftof na hannu mai RAM 8 ko 16, irin wanda ake samu a shagunan Ahmadu Bello Way ko Banex a Abuja, ya isa. VirtualBox kyauta ne, da shi za ka ƙirƙiri injina biyu uku a cikin laftof ɗaya. Rocky Linux da AlmaLinux kyauta ne kuma kusan abu ɗaya ne da na Red Hat, Red Hat ɗin ma tana ba mutum ɗaya damar ɗora nata kyauta a kan inji har 16 in ya yi rijista a shirin masu koyo da ƙirƙira, Windows Server akwai na gwaji na kwana 180, darussan Microsoft Learn kyauta. Ka ɗora, ka lalata da gangan, ka gyara, ka sake lalatawa. Ka goge fayil mai muhimmanci ka ga yadda inji yake yi in ya rikice. Ka ajiye kwafi sannan ka gwada dawo da shi, don na sha shiga ofis a garin nan a nuna min kwafin ajiya da alfahari, in duba in ga a kan faifai ɗaya yake da ainihin bayanan, kalmar sirri kuma an rubuta a 'yar takarda an manna a ƙarƙashin madannai, ɗakin saba kuwa ya zama wajen ajiye tsintsiya da jarkar man janareta. Ka je makarantar Islamiyyar unguwarku ko ƙaramin asibiti ko cibiyar jarabawar kwamfuta ka ce za ka taya su ko ba biya. Wuraren haɗuwar matasan fasaha irin nHub a nan Jos ma suna da amfani ko don ka samu wanda za ka tambaya. Sannan ka zaɓi satifiket ɗaya, ɗaya tak, wanda ya dace da aikin da kake nema, in bankuna da ma'aikatu kake hari inda Windows ya yi yawa ka bi na Microsoft wanda farashinsa ma ya danganta da ƙasa, in kamfanonin sadarwa da na intanet da aikin waje kake so ka bi Linux. Ka kuma sa ido a kan ragi, Linux Foundation tana yawan yin sa musamman ƙarshen shekara.

Wani zai ce toh in koyon ne komai me ya sa za a biya ko sisi. Akwai abokan aikina masu wannan ra'ayin, wasunsu sun fi ni iya aiki nesa ba kusa ba kuma ba su da kwali ko ɗaya, suna cewa kasuwanci ne kawai kamfanoni suke yi da mu. Akwai gaskiya a ciki, kasuwanci ne. Amma in ka duba su za ka ga sun shiga harkar tun lokacin da ba mutane, suna da shekaru goma sha a bayansu da mutanen da za su ɗaga waya su ce a ɗauki wane na san aikinsa. Yaron Gangare ko Dilimi da ya gama jiya wa zai ɗaga masa waya? Ba shi da uwa a gindin murhu. Takardar neman aikinsa za ta faɗa cikin guda ɗari biyar a teburin wata ma'aikaciya a Abuja da ba ta san Linux ba, an dai ba ta jerin haruffa an ce ta ware duk wanda yake da su, wani lokacin ma manhaja ce ke warewar kafin ɗan adam ya gani. Satifiket ɗin shi ne zai tsallakar da shi wannan ƙofar ya kai gaban wanda zai gwada shi. Kamfani a Dubai ko Jamus da ke neman wanda zai kula masa da saba daga nesa bai san darajar jami'arka ba, amma ya san ma'anar 210 cikin 300. Kuma kamfanonin da ke neman kwangila sau da yawa ana tambayarsu ma'aikata nawa suke da su masu shaida kaza, don haka mai ita yana da abin ciniki a hannu. Ga wani amfani da ba a cika faɗa ba, wanda ya koya da kansa yakan iya abin da ya taɓa cin karo da shi ne kawai ya bar ramuka, manhajar karatun jarabawa ita ke tilasta shi ya bi ta inda ba ya so, SELinux ɗin nan da kowa ke kashewa don ya huta misali ne.

Aikin gwamnati kam wani labari ne. Can digiri ne ke sa ka a mataki na 8, RHCSA ba zai ƙara maka mataki ba, don haka wanda burinsa sakatariya ne kar ya sa iyayensa su ci bashi.

Masu ɗaukar aiki kuma, laifinku ba kaɗan ba ne. Kuna rubuta talla kuna neman mai RHCE da CCNA da na Azure da shekara biyar na gogewa a kan albashin da bai kai kuɗin jarabawa ɗaya ba ko an tara na wata huɗu, sannan ranar intabiyu ba wanda zai ajiye masa inji ya ce gyara, sai tambayar ina kake ganin kanka nan da shekara biyar. Ku kuke koya wa yara cewa tara kwali ya fi iya aiki. Minti ashirin da tsohon laftof sun isa ku gane. Kuma wanda kuka riga kuka ɗauka yana muku aiki da amana, ku biya masa jarabawar mana, in kuna tsoron ya gudu ku rubuta yarjejeniya ya yi muku shekara ɗaya ko biyu. Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, in bayanan mutane suka fita daga hannunku dole ku sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72, tara kuma ga manyan masu riƙe bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ku kwatanta da dubu 750.

Roƙona na ƙarshe ga hukumomi ne. Shirin 3MTT da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta fara a 2023 tare da NITDA yana horar da matasa da yawa, kuma abu ne mai kyau, amma horo ba shi ne inda yaranmu suke maƙalewa ba, kuɗin zama jarabawa ne. Da NITDA da gwamnatin Filato da attajiranmu masu raba keken ɗinki da babura za su ware wani abu su sayi takardun biyan jarabawa da yawa lokaci ɗaya, wanda ya fi araha, sannan kar a raba ta hannun kansila ko ɗan majalisa, a ajiye injina a ɗaki ɗaya a Jami'ar Jos ranar Asabar, a lalata su, duk yaro ko yarinyar da ta gyara nata cikin awa biyu a biya mata. A kuma samar da ɗaki ɗaya mai sola da intanet mai ƙarfi a cikin gari inda za a riƙa zama jarabawar daga nesa ba sai an hau hanyar Akwanga ba. In an shirya haka ni da wasu abokan sana'a a shirye muke mu zo mu lalata injinan kyauta.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai karatunku daga Rikkos, Jos.